Kabarin Bayan Coci

"Kubura, waken nan zai ƙone. Juya shi na ce, ba shafa shi ba."

Daga kan tabarma take ba ni umarni, an jingina ta da bango, ciwo ya cinye ta har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Hancinta dai lafiyarsa ƙalau. Na ci gaba da juya waken suya a kasko, na ce, "Maman Lilian, ba likita ya ce ki huta ba?"

"Hutu na nan zuwa, mai tsawo ma. Ke dai juya."

Maman Lilian, wadda sunanta na yanka Mabel, maƙwabciyata ce. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma rabinta ya zube tun wata damina, ba wanda ya ga dalilin tayar da ita. Ita da mijinta Fasto Edward 'yan mishan ne. Cocinsu ce ta turo su daga Kudancin Kaduna zuwa Minna, unguwarmu ta bayan layin dogo, gaba da Sabon Gari, inda famfo ke yin wata bai ɗiga ba. Da suka sauke kaya kowa ya ja 'ya'yansa jiki, muka zuba ido mu ga abin da ya kawo su.

Abin da muka gani bai wuce aiki ba. Da safe Fasto na koya wa yara karatu a 'yar cocinsu ta kwano, da rana yana kan wani tsohon babur ɗauke da mara lafiya zuwa asibiti, rabin hanyar ma tura babur ɗin yake yi. Ita kuma garin kunu ne sana'arta: gero da gyaɗa da waken suya, a soya, a niƙa, a dama wa yaran da suka rame. Ban taɓa jin ta tambayi wata uwa addininta ba, damtsen yaron take kamawa ta duba. Autana Abubakar Siddiƙ, da har na fara cire rai da shi bayan ƙyanda, kunun nan ne ya tayar da shi da ikon Allah. Ran Lahadi su yi ta waƙa da ganga har kwanon cocin ya ɗauka, maigidana Sanda ya yi ta mita. Ran Juma'a kuma Faston ne ke tsare wa mazanmu babura a ƙofar masallaci, sai mitar ta kwanta.

Da na sauke kaskon, ta yafuto ni da hannu.

"Idan na tafi, bayan cocin nan nake so a sa ni. Nan na yi rayuwata, nan na san kowa."

"To ai sai a sa ki. Wa zai hana?"

"Yaya Irimiya, wan Edward. A wajensu matar gida ƙauye ake kai ta, kusa da iyayen miji. Ni kuwa ƙauyen nan, Kirsimeti kawai ke kai ni. Edward kuma ba ya iya ɗaga ido ya kalli wansa."

"Kin gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya yi kuka." Ta yi ɗan murmushi. "Kukan nan kuwa ba zai tsayar da mota ba."

Maganar ta tsaya mini a rai. Da yamma na kwashe ta duka na gaya wa Sanda. Ya ce, "To," ya ci gaba da cin tuwonsa. Shi dama maganarsa ba ta wuce haka.

Wata Talata da hantsi ta cika, 'yarta Lilian na riƙe da hannunta tana yi mata waƙar coci a hankali. Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Wani ɗan cocinsu ya kawo mota, Fasto ya bi gawar zuwa mutuware, ɗakin ajiye gawa na asibiti, don su Kiristoci ba sa gaggawar binnewa. Sai a ajiye mamaci sati biyu ko uku, dangi su taru, a yi akwati, a ɗinka anko.

Mu kuwa inda muka taso, mutum na cikawa ake ɗaukar diga. Ba a zuwa a tambayi mai makoki izinin haƙa kabari, shi da ke fama da zuciyarsa. Motar ba ta gama fita layi ba na ga Sanda ya fito da diga a kafaɗa. Mai unguwa Ndagi ya bi shi da shebur, sai masu faci, sai mahauta, sai 'yan acaba suka jingine babura. Ƙasar Minna kowa ya san ta, taƙi ɗaya ka tarar da dutse. Suka yi ta karɓa-karɓa a bayan coci, ana jin ƙarar ƙarfe har cikin gidana. Kafin azahar sun gama, sun sassaro itacen rufi sun jera a gefe.

Da la'asar Fasto ya dawo, kusan tare da Irimiya, wanda ya taso daga Kafanchan tun da aka buga masa waya. Dogon dattijo ne, tsohon soja, cikin farin kaftani, yana magana kamar har yanzu a bariki yake. Ko ruwa bai sha ba ya fara tsara yadda za a ɗauki gawar zuwa ƙauye ƙarshen wata. Fasto na zaune ya sunkuyar da kai.

Sanda ya yi sallama daga ƙofa, wandonsa duk jar ƙasa.

"Fasto, Allah ya ba da haƙuri. An gama."

"An gama me, Malam Sanda?"

"Kabarin."

Irimiya ya miƙe tsaye. "Wane kabari? Wa ya sa ku? Matar gidanmu ce, gida za ta. Mu ba ma zubar da namu a gari kamar marasa asali."

Na san Sanda ba zai ƙara ko kalma ba, sai na ji bakina ya buɗe daga bayan labule. "Baba, ita ta roƙa. Da kunnena na ji."

"Ba da ke nake ba, baiwar Allah."

"Yaya." Fasto ne, ya ɗago kai. "Gaskiya ta faɗa. Mabel ta roƙe ni, na kasa gaya maka. Ka zo ka gani da idonka, in ya so ka yanke."

Irimiya ya fita a fusace, muka bi shi. Bayan cocin ya cika ya batse. Matan unguwa ne, Nufawa da Gwarawa da mu Hausawa, masu hijabi da masu ɗankwali, kowace da yaro a baya ko a hannu. Ba wanda ya kira su. Suka dare suka ba shi hanya. Wata ta turo ɗanta gaba ta ce, "Baba, wannan da ba ya ko zama. Dube shi yanzu." Wata ma ta fara nata, kuka ya hana ta ƙarasawa.

Irimiya ya ratsa ta tsakaninsu. Ya je bakin ramin ya tsaya, hannuwansa a baya. Sai a lokacin na lura da abin da mazanmu suka yi. Kabari suka haƙa irin wanda suka iya, irin namu: babban rami a sama, siriri a cikinsa, daidai kwanciyar mutum a kan gefensa na dama cikin likkafani, yana fuskantar gabas. Sun gyara shi tsaf, sun shafe bangon da hannu. Tafin hannun Ndagi duk ya fashe, ya naɗe shi da tsumma.

Irimiya ya daɗe yana kallon ramin, ya kalli itacen da aka jera, ya kalli hannun Ndagi. Ni dai addu'a nake a zuci, duk wadda ta zo bakina.

"Kai," ya ce da Sanda. "Ka taɓa ganin akwatin gawa?"

"Daga nesa."

"Shi ya sa. Ina akwati zai shiga nan? Ko ƙafarsa ba za ta shiga ba."

Sanda ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi.

Dattijon ya cire hularsa ya miƙa wa Fasto. Ya tuɓe kaftanin ya ɗora a kan itacen, ya zare takalmansa, ya dafa kafaɗar Ndagi ya sauka cikin ramin.

"Miƙo mini digar. Sai an ƙara taƙi biyu ta nan, biyu ta can. In za a yi abu a yi shi daidai."

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, a gidan mutuwa, ba kuma wanda ya tsawata mata. Daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa kaina, ina hawaye ina dariya. Lilian ta ɗauko waƙa, 'yan cocinsu suka amsa, mu da ba mu san baitin ba muka tsaya muna jijjiga goyo. Sanda ya diro cikin ramin da shebur, Fasto ma ya naɗe hannun riga.

Rana ta yi sanyi, digar na sauka a kan dutse. Baƙaƙen takalman Irimiya na nan a bakin kabarin inda ya bar su, jar ƙasar da ake watsowa tana zuba a cikinsu kaɗan-kaɗan.