Layin Gajere

Tun da aka ɗora Mai Gadi a kan shafukan ofishin, babu wanda ya sake aika aiki hankali kwance. Mai Gadi ba mutum ba ne, wata 'yar manhaja ce da ke bin kowane shafi layi-layi kafin ya hau intanet, tana duba mahaɗai, wato kalmomin nan da ake latsawa su kai mutum wani shafin. Hanya biyu ake rubuta su: ko ka manna adireshin a gefen kalmar, ko ka sa wa kalmar lamba ka ajiye adireshin can ƙasan shafi. Mai Gadi bai damu da wadda ka zaɓa ba. Dokarsa ɗaya ce, kuma ba ya jin magiya: yadda aka rubuta mahaɗin farko, haka sauran duk za su bi.

Ranar nan aka ba Auta shafin gyaran injin ban ruwa ta ƙara sakin layi guda. Tana aikawa, allon ya cika da ja tun daga sama har ƙasa. Mahaɗin farko mai lamba ne, sauran kuwa, da hannaye daban-daban suka rubuta shekara da shekaru, duk na manne ne.

Abokiyar teburinta ta leƙo da kofin shayi a hannu, ta ce wannan ai ba aiki ba ne, ta gyara na farkon kawai, komai zai koma kore.

Auta ta fi ta sanin haka. Sai dai layin na yayanta ne. Shi ya kawo ta ofishin, shi ya koya mata aikin, kuma shi ne wanda ake kira Gajere don sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Bara ya kwanta ciwo, bai tashi ba. A aikinsu, kowane layi yana ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi a ƙarshe, tare da ɗan bayanin da ya bari. Shafukan Gajere an yi ta gyara su, sunansa yana ta zaizayewa, har ya rage wannan layin kaɗai. Bayanin da ya bari a kai kuwa tsokana ce: "Na kai adireshin ƙasa, kada Auta ta ce na cika mata ido." Mahaifiyarsu tana da rigunansa, matarsa tana da 'ya'yansa. Ita wannan layin take da shi, kuma takan buɗe shi da safe ba don wani aiki ba.

Ta samu shugaban sashe ta roƙe shi a ɗaga wa shafin ƙafa. Mutumin kirki ne, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce daga babban ofishi aka kafa dokar, shi kansa ba shi da makullinta. Ya tambaye ta ko akwai wani dalili. Ta yaya za ka gaya wa babban mutum cewa lamba ɗaya a gefen kalma ce ke neman sa ka kuka?

Sai ta koma ta ɗauki doguwar hanya. In ba za a taɓa na farko ba, to sauran su bi shi. Ta kama mahaɗan ɗaya bayan ɗaya, ta cire adireshi, ta sa lamba, ta gangara ƙasa ta ajiye, ta dawo. Aka tafi cin abinci aka dawo tana nan. Wuyanta ya sage, idonta ya yi yaji, abokiyar tata ta gaji da yi mata dariya ta koma tausayinta. Da yamma ta aika, Mai Gadi ya nuna kore. Ta tafi gida da farin cikin da ta daɗe ba ta ji ba.

Abin da ba ta sani ba, Mai Gadi yana da ƙanwa. Babban ofishi ya kunna wata manhajar a makon, mai suna Mai Shara. Ita ba ta tuhuma, gyara kawai take yi: duk shafin da ya wuce Mai Gadi, sai ta mayar da mahaɗansa na manne. Shafin da ya tsaya a ja kuwa ba ta isa gare shi.

Washegari Auta ta buɗe shafin kafin ta ajiye jaka. Lambobinta sun tafi. A gefen layin farko, inda ta saba ganin Gajere, an rubuta Mai Shara. Ta sauka ƙasa ta hau sama, suna ɗaya ne ko'ina. Da ta bar shafin a ja, da har yanzu yana nan. Da hannunta ta buɗe ƙofar.

Abokiyarta ta ce a hankali ai tsohon layin yana cikin tarihin shafin, ana iya tono shi a duba. Auta ta gyaɗa kai. Ta san da haka, ta kuma san ba ɗaya ba ne, kamar ka rasa mutum a ce maka ai akwai hotonsa.

Shugaban sashe ya zo wucewa, ya tsaya a bayanta yana kallon allon.

"Kin gani ko? Ya yi tsaf, ko tabo babu."

"Haka ne, ranka ya daɗe," ta ce, ba ta ɗago ba.