A Bari Ya Bushe

Duk wanda ya taɓa shiga falon gidan Mai Fenti ya san bangon nan na hannun dama. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana shafe gidajen mutane su fito fes, amma nasa bangon sai ka rantse gwangwanaye ne suka yi faɗa a kansa. Dalili kuwa bai taɓa yarda da launin da ke cikin gwangwani ba. Duk aikin da aka ba shi, sai ya haɗa launin a gida, ya shafa kamar faɗin faranti a bangon falo, sannan ya koma kujerarsa ya zuba masa ido kamar mai kallon talabijin.

"Baban yara, wai yaushe za a shafe bangon nan ya zama na mutane?" in ji matarsa.

"A bari ya bushe mu gani," shi ne kullum amsarsa.

Ta yi mitar nan tana amarya, ta yi ta da goyo a baya, ta yi ta da furfura. Maƙwabta sun sani, dangi sun sani, har mai kawo musu gas ya san Mama tana son bangonta launi ɗaya, ruwan madara. Shi kuwa kafin wancan ya bushe ya shafa wani.

Da damina ya kwanta ciwo, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa, da fenti a ƙarƙashin farcensa. Bayan 'yan watanni, wata Asabar da safe, sai ga 'ya'yansa uku sun yi sallama. Yaya, babban ɗan, malamin makaranta, yana ɗauke da bokitin fenti. Ƙanwarsa da kowa ke kira Nas tana riƙe da rola da buroshi. Auta kuma ya saɓo tsanin mahaifinsu a kafaɗa, sai washe baki yake yi.

"Mama, yau burinki zai cika," in ji Yaya. "Ruwan madara ne, irin wanda kike so."

Abin da ba su sani ba shi ne, tun ranar da aka fita da shi, kowace safiya a kujerarsa take shan shayi, tana kallon bangon da ta yi ta zagi shekara da shekaru. Yanzu ba ta da abin da take so a gidan kamarsa. To amma da wane bakin za ta faɗa? Ita da ta ishi duniya da maganar ruwan madara? Kunya ta hana ta, ga kuma yaran sun zo da murnarsu.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. "Amma ku fara cin abinci."

Suka ci. Ta ce a janye kujeru, aka janye. Ta ce a shimfiɗa tsofaffin jaridu a ƙasa, aka shimfiɗa. Ta ce jaridun ba su kai kusurwa ba, aka ƙara. Da dabara ta ƙare mata, Yaya ya buɗe bokiti ya fara juya fenti da sanda, sai ta miƙe ta nuna wani shuɗi can sama.

"Ka san wannan? Azuzuwan makarantar bakin kasuwa ne. Yana kan tsani aka je aka ce masa na haife ka. Haka ya taho asibiti, shuɗi har cikin kunne. Ma'aikaciyar ta tare ƙofa ta ce ba nan ake gyara ba. Sai da na leƙo na ce mata, a bar shi, nawa ne."

Yaya ya yi dariya har ya saki sandar.

"Waɗannan rawayen da suka jeru fa?" in ji Auta.

"Mai shagon gyaran gashi ce. Ta ce rawaya, ya haɗa, ta ce ya yi duhu. Ya sake, ta ce ya yi haske. Ya mayar mata da na farkon, ta ce yawwa, tun farko da haka ka yi. Ya dawo gida yana ta murɗa hularsa don haushi."

"Koren nan ni na san shi," in ji Nas. "Ɗakin yara ne a asibiti. Ni na riƙe masa gwangwani ranar. Ya ce yaro marar lafiya bango yake kallo yini guda, don haka ba a shafa masa launin da zai sa shi kuka. Daga nan na ce aikin asibiti zan yi."

"Ke dai faɗi gaskiya, farar rigar ce ta ruɗe ki," in ji Yaya.

"Kai kuma wa ya sa da kai, mai shuɗin kunne?"

"Babana ne mai shuɗin kunne, ba ni ba!"

Auta ya yi ƙoƙarin tsayawa gaban wani ruwan hoda mai kashe ido, amma Mama ta ture shi gefe.

"Matsa, ai aikinka ne. Lauya ya ce ruwan toka yake so a ofishinsa, kai kuma kana rarrafe ka juye ja a cikin bokiti. Babanku ya duba bokitin, ya dube ka, ya ce yaron nan yana da ido. Sai da ya sayi wani fentin, amma ya ce wannan ma sai ya hau bango."

Falon ya cika da dariya, har maƙwabciya ta leƙo ta taga ta ga ko lafiya. Mama ta ji daɗi irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar. Sai dai labari ba ya hana fenti. Yaya ya share hawayen dariya, ya tsoma rola, ya ɗaga.

"To, daga sama za mu fara ko daga ƙasa?"

Idonta ya sauka a kan wani ɗan shafi can ƙasa, daidai hannun kujera, a karkace. Shi ne na ƙarshe. Yana ciwo ya yi shi, a zaune. Ta tambaye shi aikin wa ya karɓa a wannan hali, ya ce na wata mata ne mai mita, ta daɗe tana jira. Ruwan madara ne.

"Tsaya," ta ce. "Haka kuka ga babanku yana aiki? Daga gwangwani sai bango? Ba ni buroshi."

Nas ta miƙa mata. Mama ta tsoma, ta goge a bakin bokiti yadda ta ga ana yi tsawon aurenta, ta shafa faɗin faranti kusa da nasa. Sannan ta jawo kujerarsa da kanta, ta zauna, ta harɗe hannu.

"A bari ya bushe mu gani," ta ce.

Nas ce ta fara ganewa. Ta rufe baki da tafi, dariya da kuka suka taho mata tare. Auta ya jingine tsani. Yaya ya dubi rolar da ke hannunsa, ya dubi bangon tun daga shuɗin har ƙasa, ya ajiye ta a hankali.

"To wannan fenti duka fa, Mama?"

"Kicin ya yi baƙi, ku je can."

Suka yini a kicin suna shafa, suna tsokanar juna, suna shafa wa juna a hanci. Da yamma za su tafi, Yaya ya durƙusa ya taɓa sabon shafin da yatsa, ya duba yatsan.

"Mama, ya fa bushe."

Ko kallonsa ba ta yi ba, ta kurɓi shayinta.

"Bai bushe ba tukuna," ta ce.