Fuskar Motar Abarshi

Noti uku sun kwance ba gardama, na huɗun ya ƙi. Mainasara na kwance a kan tsohon buhu a ƙarƙashin motar, sifana a hannu, tsatsa na zubo masa a ido, yana ja yana nishi. Mamuda bakanike ya tsuguna a gefe yana duban bambar da ta lanƙwashe ta shige ciki, da ragar gaba da ta farfashe kamar kwandon da jaki ya taka.

"Baba, fito ka bar mini. Aikina ne."

"Motata ce."

Ba motarsa ba ce, duk Birnin Gwari an sani. Fijo ce ta asibiti, fara, mai dogon baya. Amma shekara shida shi ke tuƙa ta, shi ke wanke ta, shi ke yi wa masu shiga da taɓo a ƙafa faɗa, don haka ba mai ja da shi in ya ce tasa ce. Notin ya yi ƙara ya saki. Suka kama bambar su biyu suka jefar gefe.

"Me ka ce ka buga ma?" in ji Mamuda.

"Kututture. Saniya ce ta faɗo mini hanya wajen Kakangi, na kauce."

"Allah Sarki. Allah ya kiyaye gaba."

Babu wata saniya. Wata huɗu ke nan da gwamnati ta canja hannu, aka ce duk mai mota ya bar hagu ya koma dama. Rediyo ta yi ta faɗa har kunne ya gaji. Mainasara ya yi dariyar direbobin da suka tsorata, ya ce wanda ya iya mota ai ya iya, ko ta tsakiyar kogi aka ce a bi. Shekara ashirin da takwas yana kan hagu, tun yana jan motar soja. A cikin gari kuwa bai taɓa kuskure ba, don akwai kekuna da motocin da mutum zai gani ya tuna. Daji ne matsalar. Hanya ta miƙe ba kowa, itatuwa dama da hagu, ba mai ce maka uffan, sai zuciya ta tafi wajen Mairama, matarsa da ta rasu shekara uku da suka wuce. Zuciya na can, hannu kuma sai ya koma inda ya saba.

Haka ta faru da safen nan. Ya kai akwatin magani Kakangi yana dawowa shi kaɗai, ya sha wata kwana, sai ga motar katako a gabansa, hanci da hanci. Ita tana kan hannunta. Shi ne ya shiga mata. Ya murɗa sitiyari ya faɗa daji, kututture ya tare shi. Direban motar katakon ya tsaya, ya leƙo da bakinsa cike da zagi, amma da ya ga furfura sai ya haɗiye, ya ce, "Sannu, Baba," ya ja motarsa. Wannan sannun ita ta fi yi wa Mainasara ciwo. Da ma ya zage shi.

Ya san abin da zai biyo baya in Sista Lydia ta ji gaskiya. Ita ce babbar ungozoma, motar a hannunta take, kuma mace ce da ba ta iya rufe abu ba. Za a karɓi makulli, ɗakin da yake kwana a bayan garejin asibiti kuma na direba ne, ba na Mainasara ba. 'Yarsa ɗaya tana aure a Zariya, gidan mijin ma ya yi musu kaɗan. Ban da ɗakin, akwai abin da ba zai iya faɗa wa kowa ba: Sista Lydia ce kaɗai ta rage mai yi masa hira. Da sun kama hanya take farawa, daga rigimar mawaƙan cocinsu zuwa doyar babanta, shi nasa "to" da "ashe". Gobe ma da sassafe za su kai wata mai ciki babban asibiti a Kaduna. Dole motar ta koma garejin asibiti kafin la'asar da fuskarta yadda ta fita.

Mamuda ya leƙa ciki ya shafa lagireto. "An yi sa'a bai huje ba. Fitilu ma lafiya. Amma bambar nan ko na kwana uku ina bugu sai an gane, ragar kuwa ta gama aiki. Sai an aika Kaduna."

"Yau nake so."

Mamuda ya sosa ƙeya. "Akwai ɗaya a baya. Ban dai san ko za ka so ba."

Mainasara ya san wacce yake nufi. Shi ya sa tun zuwansa bai dubi bayan garejin Mamuda ba.

Tana nan gindin tsamiya, ciyawar damina ta kai mata ƙofa. Shuɗiyar Fijo ce ta Alhaji Maiturare, wadda abokinsa Abarshi yake tuƙawa. Kwana tara da canjin hannu, Abarshi ya zo mararraba zai hau babban titi, ya dubi gefen da ya saba duba, bai ga komai ba, ya shiga. Tanka ta same shi ta ɗaya gefen. Motar ta naɗe a tsakiya, amma gabanta ko ƙwarzane babu, har yanzu bambar na ƙyalli ta cikin ciyawa. Tare suka koyi mota da Abarshi, tare suke cin tuwo a tasha kullum bayan magariba, suna zagin hanya da yaran direbobin zamani. Mainasara na cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Tun daga ranar yake sayen tuwonsa ya kai ɗaki.

"Alhaji ya ce duk mai bukatar wani abu a jikinta a cire masa," in ji Mamuda. "Ba ya son ganinta."

"Miƙo sukudireba."

Ya durƙusa a gaban motar abokinsa ya fara kwancewa. Ko ɗaya bai yi gardama ba. Abarshi mutum ne mai ɗiga wa kowane noti baƙin mai ranar Juma'a, kamar wanda za a zo dubawa, kuma Mainasara ya sha yi masa tsiya a kan haka. Yau ga shi yana cin amfanin abin. Ragar ta fito a hannunsa ba nauyi, da ɗan zakin Fijo a tsakiya. Ya riƙe ta ya daɗe bai tashi ba. Kewar mutumin ta taso masa, ya yi kamar tsatsar ɗazu ce ke damun idonsa.

Suka ɗauko bambar su biyu. Mamuda ya riƙe, Mainasara ya sake kwanciya a kan buhu yana ɗaure noti. Rana ta take, kwanon rufin garejin ya ɗau zafi. Daga can sama, ba tare da ya leƙo ba, Mamuda ya yi gyaran murya.

"Baba, mai motar katakon nan ya tsaya a nan ɗazu ya zuba ruwa."

Sifanar ta tsaya.

"Ban faɗa wa kowa ba, ba kuma zan faɗa ba. Kai ka kawo ni wajen maigidana na koyi aikin nan, ban manta ba. Amma ka yi yadda wasu ke yi mana. Su ɗaura jan ƙyalle a hannun dama, da sun gani sai su tuna."

Mainasara ya turo hannunsa na dama daga ƙarƙashin motar, ya ja hannun riga baya. Ga jan zare nan a wuyan hannun, ya yi baƙi don datti da mai.

"Tun ranar da aka binne Abarshi yake nan," ya ce.

Mamuda ya sunkuyo. Ya miƙa masa notin ƙarshe.

Bayan azahar aka gama. Ragar ta zauna daram kamar da ita aka haifi motar. Mamuda ya ɗan buga gefen murfin inji inda ya lotsa, ya shafa farin fenti da gashin kaza, ya ja da baya yana yaba aikinsa. Ya ce ko Baturen da ya ƙera ta aka kawo ba zai gane ba. Mainasara ya goge bambar da tsumma har ya ga fuskarsa a ciki, a miƙe, hanci ya yi faɗi. Gaskiyar Mamuda ce, ba mai ganewa. Shi kaɗai ya san ɗan tabon da ke kunnen zakin, inda tsakuwa ta taɓa buga wa Abarshi a hanyar Funtuwa ya yi mako yana mita.

Ya shiga ya tayar. Hankalinsa ya ɗan kwanta, har ya ji yunwa. Ya fito daga garejin ya kama dama, yana faɗa a bakinsa kamar mai jan carbi, dama, dama, dama. Ya wuce masu sayar da itace a dama. Ya wuce masallaci a dama. Ya ce a ransa abin na daji ne kawai, gobe kuma ai Sista na gefe tana zuba, ba inda zuciya za ta je.

Sai ya zo tasha. Bencin mai tuwo na nan inda yake, ba kowa a kai, akuya na kwance a ƙarƙashi. Ya yi tunanin abin da Abarshi zai ce da ya ga fuskar motarsa a jikin ta asibiti. Zai ce to, ka ga amfanin baƙin mai ke nan, malalaci. Shi kuma zai ce masa ai bambar taka ma karkatacciya ce, sai da muka sha wahala. Har murmushi ya kama shi, har ya shirya amsar da zai ba shi ta gaba.

Ƙararrawar keke ta katse shi. Ya taka burki da ƙarfi. Wani mutum da buhun masara a bayan kekensa ya kauce ya faɗa kwata, ƙafa ɗaya a sama. Mata masu tallar gyaɗa a bakin kasuwa suka yi salati.

"Haba Malam!" in ji mai keken yana miƙewa, rigarsa duk taɓo. "Kai ba ka ji an canja hannu ba? A garin nan kake kuwa?"

Mainasara ya duba. Yana hagu, ya lafe sosai a bakin hanya, tsaf kamar yadda aka koya masa. Ba a daji ba, a tsakiyar gari, rana tsaka, ga mutane ko'ina. Bai ma san lokacin da ya tsallako ba.

Ya fito ya taya mutumin ɗaga buhu, ya ba shi haƙuri har sau uku. Mutumin ya hau kekensa yana gunaguni. Mainasara ya koma ya zauna a bayan sitiyari, inji na aiki, bai sa giya ba. Ya ga hanyar Kaduna a idonsa, da tankokinta da kwane-kwanenta, da mace kwance a baya tana riƙe da ciki, da Sista Lydia a gefe tana ba shi labarin doya. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko da safe a gaban motar katako. Ya kashe inji. Ya ɗaga gilasai ɗaya bayan ɗaya, ya fito ya kulle. Bai gyara mata tsayuwa ba.

Daga kasuwa zuwa asibiti ba nisa, amma ya manta rabon da ya taka shi da ƙafa. Mutane na gaishe shi suna tambayar ina mota, yana ɗaga musu hannu kawai.

Ya sami Sista Lydia tana wanke hannu a ɗakin awo. Ta juyo da fara'arta.

"Baba, sai yanzu? Na ce ko mutanen Kakangi sun yi maka mata ne. Ban ji shigowar mota ba."

"Tana bakin kasuwa."

"Lalacewa ta yi?"

"Lafiyarta lau, Sista. Ba abin da ya same ta da ba a gyara ba." Ya ciro makullin ya ajiye a kan tebur kusa da sikelin jarirai. "Ki aika a kira Hammadu na tasha ya kai ku gobe. Bara ya karɓi lasin, hannunsa bai tsufa a kan komai ba."

Ta dubi makullin, ta dube shi. Fara'ar ta tafi. "Baba, me ya faru? Wani ya faɗa maka magana ne?"

Ya kau da kai. Ya ce, "Ki je da kanki ki ɗauko ta ke da shi. In kin ga gefen da na ajiye ta, za ki gane."

Ya fita kafin ta sake tambaya. A baranda ya tsaya. Lokacin wanke mota ne, bokitinsa na can a ƙofar gareji. Ya dubi hanyar ɗakinsa, ya dubi hanyar gari, sannan ya je ya zauna a ƙarshen bencin masu jiran magani. Wata tsohuwa ta matsa masa, ta tambaye shi me ke damunsa. Ya ce mata shi ba layi yake bi ba, ta wuce gabansa in an kira.