Awon Yatsa Biyu

Shekara arba'in Baba yana gyaran wuta, kuma ban taɓa ganin ya riƙe biro saboda aiki ba. Awonsa yatsa biyu ne. Zai kunna kaya, ya bar wuta ta yi gudu na ɗan lokaci, sannan ya matse wayar tsakanin babban yatsa da manuniya, ya karkata kai kamar mai sauraron gulma. In waya ta yi ɗumi, ta yi ƙanƙanta. In ya ce za ta ɗauka, to ta ɗauka. Ni da na karanci lantarki har nake koyarwa a makaranta, Malama Lissafi yake ce mini, kuma ba yabo ba ne.

Maganar ta taso ne a shagon Mai-guga da ke can bakin kasuwa. Ya sayo wani ƙaton dutsen guga na hannu, rubutun jikinsa duk ya goge. Baba ya ja masa waya, ya sa soket. Soket ya narke, Baba ya canza shi, sabon ma ya narke. A karo na uku Mai-guga ya aiko cewa in abin ya gagara, zai nemo wani. Ba a taɓa gaya wa Baba haka ba. Ranar ko abincin rana bai taɓa ba, sai na ce zan kai shi a mota, na jefa mitata a jaka ban gaya masa ba.

Shagon ɗan tsukuku ne, riguna rataye cikin leda har suna shafar kai, ga tebur da bargo mai tabon ƙuna. Baba ya ɗaura sabon soket, ya kunna dutsen, muka tsaya jira. Can ya matse wayar.

"Sanyi ƙalau," ya ce wa Mai-guga. "Wayata ba ta da laifi. Dutsenka ne ke da ciwo, naɗin cikinsa ya haɗe. Mayar musu da abinsu."

Ni kuwa ƙaurin roba nake ji. Na ciro mita.

"Ga ta nan," in ji Baba. "Yau za a yi mana makaranta."

Na auna ƙarfin wutar, bolt ɗari biyu da ashirin. Na maƙala bakin mitar a waya mai wuta, amfiya goma sha ɗaya ke wucewa. Na yagi takardar da ake liƙa wa riguna, na rubuta a bayanta.

"Duba, Baba. In ka ninka su, wat dubu biyu da ɗari huɗu da ashirin dutsen nan yake ci. In ka raba bolt da amfiya, turjiyar naɗin om ashirin ce. Daidai take da dutse mai wannan girma. Da ya haɗe, da lambar ta faɗo ƙasa, fis ma da tuni ya tashi. Lafiyarsa lau. Wayar ce siririya, ko amfiya bakwai da ƙyar za ta ɗauka."

"Takarda ba ta jin zafi, Malama."

Ya sake damƙe wayar, ya riƙe ta yana kallona, don ya nuna mini. Na kai hannu kusa da nasa na taɓa, ban san lokacin da na fizge ba. Zafi kamar murfin tukunya.

Na kama hannunsa na juya. Kan yatsun biyu ya yi sulɓi, ga tsohon tabon ƙuna da ya warke, ga sabon bororo yana tasowa a kai. Shekara shida yana fama da ciwon suga. Likita ya yi ta gargaɗi a kan ƙafafu, mu ma ƙafafun muke dubawa. Babu wanda ya tuna da hannu.

Baba ya daɗe yana kallon yatsunsa. Ya danna bororon da farce.

"Ban ji ba," ya ce a hankali.

Mai-guga ya juya baya, ya kama ninke rigar da ya riga ya ninke. Na yi shekara goma ina jiran ranar da lissafina zai kayar da Baba, ga ta ta zo, sai na ji da ma ni na faɗi. Tausayinsa ya cika ni, na rasa inda zan sa idona.

Shi ya kashe soket ɗin da kansa. Ya ce wa Mai-guga kada ya kunna sai ya kawo waya mai kauri gobe, kuma laifin nasa ne, ba na dutse ba. Ya tattara filaya da sukudireba, muka fito.

Muka shiga mota, muka kama hanyar gida. Ina ta shirya kalaman lallashi, cewa ai mita ba wuya, cewa sunansa na nan, ko wanne na ɗauko sai in ji bai dace ba. Ashe shi ba a nan hankalinsa yake ba. Na ga leɓensa na motsi, yana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya.

"Gida goma sha ɗaya na ja wa waya bana," ya ce. "Duk da hannun nan na auna su."

Na taka birki.

"Juya motar, 'yata. Mu fara da gidan mai 'yan biyu, a ɗakin yaran na sa musu abin dafa ruwa."