Zahi da Zafi

Shekara uku a jere Mijinyawa na garin Shagari yana lashe gasar waƙa ta shekara da ake yi a Boɗinga, Kawu Sodangi yana zuwa na biyu. A 1982 abubuwa sun tsuke, kyautar ta sauko daga keke zuwa buhun taki. Kawu ya ce ko allura ce, bana sai ya karɓe ta.

Sai alƙalai suka kawo sabuwar doka, cewa kowa ya kai waƙarsa a rubuce da boko. Kawu manomin albasa ne, ajami ya iya. Ni kuwa lokacin na dawo daga jami'a, don haka ya zaunar da ni yana rerawa ina rubutawa. Waƙar a kan tsadar sabulu ce. Inda ya ce zahi na rubuta zafi, ƙarhi na mai da shi ƙarfi, laihi ya koma laifi, kamar yadda aka koya mana. Wallahi kaɗai na bari, don ban ga abin gyara a cikinta ba.

Ranar gasar, a filin firamare, shugaban alƙalai Malam Yahaya ya karanta takardar a bainar jama'a. Ya ce ma'ana ta yi, amma amsa-amo ya karye, baiti ya tashi da hi ya sauka da fi. Mijinyawa ya tambaya ko Sodangi ya koma Kano da zama ne bai yi sallama ba. Aka yi ta dariya.

"Allah shi gahwarta Malam, wagga ba waƙata ta ba," in ji Kawu. "Ni zahi nis sani."

Malam ya ce takarda ake yi wa hukunci, sai fa in marubucin ya fito ya amsa kurensa.

Ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba, na miƙe, na ce ni ce. Malam ya miƙo mini takardar ya ce in karanta yadda na ji. Na karanta a hankali, ina mai da kowane hi mazauninsa, har baiti na goma sha biyu.

Alƙalai suka haɗa kai, suka ba Kawu buhun. Mijinyawa ya ce bai yarda ba, mutum biyu suka taru masa.

A motar komawa Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni a natse shekara nawa na yi ina koyon ɓata magana. Na ce uku.

"To madalla da ba ki yi huɗu ba, ɗiyata."