Ayabar Lalla Ijja

Shekarar da ɓarin jikin surukata Lalla Ijja ya shanye, mijina Bihi ya ɗauko ta daga Tamri, can bakin teku, ya kawo ta gidanmu a Azru. Ta bar ƙasar da ta yi shekara saba'in tana noman ayaba, ta zo garin da dusar ƙanƙara ke toshe ƙofa.

Ba mu taɓa shiri da ita ba. Ni ma'aikaciyar gidan waya ce, ko na'a-na'a ban taɓa shukawa ba, ita kuwa a ganinta macen da ba ta taɓa ƙasa ba rabin mace ce. Amma da ta daina cin abinci, ta koma zama bakin taga tana kallon duwatsu, sai tausayinta ya kama ni. Na sa ƙanen mijina ya aiko mini da ɗan tsiron ayaba guda daga Tamri a motar haya, naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

Na dasa shi a rabin ganga, na jawo kujerarta tsakar gida. Ta daɗe tana kallonsa.

"Itto, binne shi kika yi ko dasawa? Ɗago shi. Kuma huda gindin gangar, ba kifi kike kiwo ba."

Ranar ta ci tajin, dahuwarmu ta nama da kayan lambu, har da ƙari.

Daga nan kullum da hantsi muna wurin. Ita ce baki, ni ce hannu. Ta sa na nemo takin tumaki, ta sa na matsar da gangar jikin bangon da rana ke duka, ta hana ni ban ruwa idan ƙasar ba ta bushe ba. Zagi kam na sha.

"Wannan hannun naki, buga tambari kawai ya iya."

"To Lalla, zo ki yi da kanki."

"Da Allah ya bar mini hannuna, ai ko inuwarta ba za ki taka ba."

Sanyin farko ya shammace mu. Na fito da safe na tarar ganyen duk sun yi baƙi sun langwaɓe. Na ce zan zubar. Ta ce in sare ta daidai gwiwa, in lulluɓe da ciyawa da tsohon bargo, saiwar tana da rai. Da gari ya fara ɗumi kuwa sai ga tsiro. Sanyi na biyu ni da Bihi muka ja gangar har ɗakinta, kusa da murhu, yana mita cewa ayaba ta fi shi gata a gidan.

Sai a shekara ta uku ayabar ta yi fure, amma ta makara. Sanyi ya kawo kai 'ya'yan ba su fi yatsa ba. Lokacin Lalla ba ta iya tashi zaune. Ta ce in sare nonon ayabar in rataye a kicin. Da suka ɗan yi rawaya na ɓare mata ɗaya. Ta tauna a hankali.

"Babu zaƙi," in ji ta. "Ba laifinki ba ne. Ƙasar ce ba tata ba."

Bayan sati biyar ta rasu. Muka kai ta Tamri kamar yadda ta roƙa. Ban taɓa zuwa ba. Tun daga gadar shiga garin na hango ayaba cike da kwari, kore shar har bakin teku, wasu ma a gefen hanya babu mai kula da su. Na tuna gangata, kunya ta kama ni.

A zaman makoki wata tsohuwa, ƙawarta Tlaitmas, ta kamo hannuna.

"Ke ce Itto? Mai ayaba a cikin ƙanƙara?"

Na ce ni ce.

"Ta ishe mu da ke a waya. Duk Juma'a sai ta kira, 'yata ta yi kaza, 'yata ta yi kaza. Har gori take mana wai mu da rana da ruwa ba mu kai ki ba."

Shekara uku muna tare, ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini 'yata ba. Na fita waje, na zauna a bakin magudanar ruwa, na yi kukan da ban yi a Azru ba. Can Bihi ya zo ya ce an kawo abinci, mata suna jirana.