Baƙuwa a Ajin Kachollom

Kachollom ce da bakinta ta kawo sunan Jemima, ranar da Fasto Mordecai ya ce cocinsu na Old Kent Road a London zai gayyato 'yan mishan daga Jos su koyar da yara a dogon hutun makaranta na summer. Jemima 'yar ƙanwar mahaifiyarta ce, malamar firamare a Bukuru. Ita kuwa Kachollom ta yi shekaru tana riƙe da ajin yara a wannan coci, wanda a da ma'ajiyar kaya ne. Takan tashi daga aikin kula da tsofaffi, ta hau jirgin ƙarƙashin ƙasa da bas daga Dagenham, ta zo ta jera kujeru ita kaɗai. A tunaninta mataimakiya ta samu na 'yan makonni.

Ranar farko Jemima ta sha wuya. Manyan yaran suka yi ta kwaikwayon Turancinta suna ƙunshe dariya, har sai da Kachollom ta leƙo ta daka musu tsawa. A hanyar komawa gida ta yi ta ba ta shawara kan yaran London, tana jin wani daɗi a ranta da ba ta tsaya ta bincika ba.

Kafin mako ya ƙare labari ya canza. Jemima ta ce wa yaran su koya mata Turancinsu na titi, duk kalmar da suka ba ta, su karɓi ta Hausa a madadinta. Ta ɗauki sandar mofa ta goge ɗaki ta zama Goliyat, ta faɗi warwas a kan siminti da zanenta mai kyau. Yaran da Kachollom ke roƙo su ajiye waya suka koma rige-rigen zama a gaba.

"Mama Jane, wannan yarinya Allah ne ya aiko mana ita," in ji matar Jang, uwar ɗaya daga cikin yaran, da ta tare Kachollom wata rana a bakin ƙofa. "Ɗana bai taɓa tashi da kansa don zuwa coci ba sai yanzu."

Kachollom ta ce amin. Yaron nan ita ta koya masa Addu'ar Ubangiji tun bai iya ɗaura takalmi ba.

Na coci mai sauƙi ne a kan na gida. Jane, 'yarta tilo, ta kusa gama sakandare. A London aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma duk abin da uwar ta faɗa da Turanci take mayarwa. Wata safiya Kachollom na kicin tana dama acca sai ta ji muryar Jane daga falo.

"Anti Jemima, ruwa ya yi zafi. Ki zo ki yi wanka."

Kachollom ta tsaya da ludayi a hannu. Hausar a karkace take, amma Hausa ce. Ta jira ta ji ko ita ma za a ce mata wani abu. Jane ta shigo, ta buɗe firij, ta tambaye ta da Turanci ko madara ta ƙare.

Ranar Asabar aka kai yaran lambun shaƙatawa na Regent's Park. Kachollom ce ta ɗauko hayar motar, ita ta soya cincin, ita ta bi iyaye ɗaya ɗaya har suka yarda. Da aka zo ɗaukar hoto yara suka rufe Jemima, wannan ya riƙe hannu, wannan ta rataya a wuya. Wani ya miƙo wa Kachollom waya ya ce ta ɗauke su. Ta ɗauka. Suka ce ta ƙara, ta ƙara.

Washegari bayan sujada ta sami Fasto Mordecai yana naɗe wayoyin lasifika.

"Fasto, ba ƙorafi nake yi ba," ta ce. "Amma wasa ya yi yawa a ajin manya. Ayar haddace ko ɗaya ba su riƙe ba. Ita za ta tafi, ni za a bari da su."

Fasto ya ɗan dube ta. Mutum ne da ba ya son rigima, kuma ya san babu mai jera kujerun nan in ba ita ba. Ya ce to, makon ƙarshe Jemima ta koma wajen ƙananan yara, Kachollom ta karɓi manya.

Ta karɓa. Suka zauna mata shiru, suna sauraron waƙa da tafi daga ɗaya ɗakin. Jane ta zauna can baya, ba ta ɗago kai ba har aka tashi.

Sai ana gobe za ta tafi Jemima ta tayar da maganar. Suna kicin da rana, tana yanka alayyafo na gwate, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Yaya, na san ke kika yi wa Fasto magana."

"Ni ce. Ƙarya na faɗa?"

"Ban ce ƙarya ba ce."

"Ke kin zo kin yi rawa, an tafa miki," in ji Kachollom. "Ki dawo a watan Janairu, ana ruwa, yara huɗu a aji, hitar ɗumama ɗaki ta lalace. Sannan mu ga Goliyat."

Jemima ta ajiye wuƙar. "Ba zan iya abin da kike yi ba, Yaya, ban kuma zo karɓar miki komai ba. Amma akwai abin da ya kamata ki sani kafin in tafi. Jane tana son a yi mata baftisma. Tsoron gaya miki take, wai za ki tashi a gaban jama'a ki ba da shaida, ki sa kowa ya kalle ta. In ta zo miki, don Allah ki yi kamar ba ki sani ba."

Kachollom ta juya wajen tukunya. Wannan ne abin da take durƙusawa a kansa tun Jane na goye. An amsa mata, amma sai ta bakin wata ta ji. Ta nemi godiya a zuciyarta, ta same ta, sai dai ba godiyar kaɗai ce a wurin ba.

Suka raka Jemima filin jirgi. Jane ta yi kuka, Kachollom ta rungumi ƙanwarta, ta ce ta gaida mutanen gida.

Sai da aka koma makaranta Jane ta yi maganar. Suna zaune a benen bas a Old Kent Road, cunkoso ya tsayar da su, ta faɗa da Turanci, da sauri, idonta a kan jakarta. Kachollom ta kama hannunta ta matse. Ta ce ta ji daɗi, kuma ba wanda zai ji sai in Jane ta so. Yarinyar ta sauke numfashi, har ta ɗan jingina da kafaɗarta.

Da ta tsaya nan da shi ke nan. Ta san amsar, ta kuma san bai kamata ta tambaya ba, amma bakinta ya riga ta.

"Wa kika fara gaya wa?"

Jane ta zare hannunta a hankali, ta juya tana kallon shaguna ta taga.